Mai Goge Fenti da Ƙurar Hunturu

Duk wanda ya taɓa ajiye baƙar mota a Jahun cikin watan Janairu ya san abin da hunturu ke yi mata. Da safe ka tarar da ita fara fat, kamar an barbaɗa mata gari. Yawancin ƙurar nan iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma duk laushinta a ido akwai ƙwayoyin yashi a ciki. Sai yaro ya zo da busasshen tsumma ya share, don maigida ya fita da mota tsaf. Bayan wata uku ana haka, ranar da rana ta haska bonet sai ka ga zare-zare sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Damina ma da nata rabon: taɓon fadamar kogin Haɗeja da ke manne wa ƙofofi, da kashin tsuntsayen da ke cin fentin duk motar da ta saba kwana ƙarƙashin darbejiya.

Mutumin da ke gyara wannan ɓarna da inji ya daɗe yana burge ni. Mutane na ɗauka mai yake shafa wa mota ta yi ƙyalli, alhali aikinsa kankara ce. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama da masu fenti ke kira kiliya. Kaurin kiliyar da ta fito daga kamfani bai kai na gashin kai guda ba. A cikin wannan ɗan kaurin ƙarzunan suke, kuma a cikinsa ake aiki: a rage saman har ya yi daidai da ƙasan ƙarzun. Abin da aka rage kuwa ya tafi ke nan.

Shi ya sa gwani ba ya fara kunna inji. Wanke motar yake yi tas, ya busar da ita, ya zagaya ta da tocila ko da rana tsaka ce. In ya ga zane sai ya ja farcensa a kai. Idan farcen ya wuce sumul, zanen zai fita. Idan ya maƙale, ya yi zurfi, sai dai a dusashe shi ko a koma wurin mai fesa fenti. Yana kuma duba ko an taɓa sake fentin wani ɓangare, domin motocin da ake kawowa daga Kwatano da na hannun direbobin haya ba kasafai ake samun wadda ba ta taɓa shiga gareji ba. Ƙofa ɗaya fentin kamfani, ta kusa da ita fentin Kano, kuma kowacce da yadda take karɓar inji.

Daga nan sai zaɓen man goge. Akwai mai kaushi, wanda ke cin fenti da sauri, irin su G3 na kamfanin Farécla na Ingila da wasu na 3M na Amurka, akwai matsakaici, akwai mai laushi na gamawa. Haka faifan da ake ɗaura wa injin: na gashin tunkiya ya fi ci, na soso mai tauri na biye da shi, soso mai laushi na ƙarshe. Gwani kan zaɓi ɗan wuri kamar faɗin faranti ya gwada mafi laushi tukuna. In bai fitar ba, ya ƙara mataki ɗaya. Masu sana'ar sun daɗe da lura cewa fentin motocin Japan kamar Corolla ya fi laushi, na Jamus kamar Golf da Sharon ya fi tauri, amma gwajin nan ne ke yanke hukunci. Inda zanen ya ɗan yi zurfi, ko fentin ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, sai a fara da sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, kafin inji.

Wurin da nake ganin ƙwarewa ta fi fitowa shi ne lokacin da aikin ya ƙi. Zafinmu na busar da mai tun bai gama aiki ba, sai ya koma gari yana tashi, ko ya daskare a jikin ƙarfe. Sabon shiga zai ƙara mai, abin ya ƙara dagulewa. Gwani kuwa zai janye motar zuwa inuwa, ya taɓa bonet da bayan hannu ya ji ko ya huce, ya rage gudun inji, ya rage faɗin wurin da yake bi, ya kakkaɓe faifan da buroshi domin fentin da ya kankaro ya toshe shi. Da yawansu da sassafe suke wannan aiki, kafin rana ta ɗaga. A lokacin hunturu ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa kan faifai ta isa ta zane ƙofa guda, don haka za ka ga ana yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara.

Injin da ke juyawa wuri ɗaya, irin na Makita da ya yi yawa a garejinmu, yana da ƙarfi kuma yana da haɗari. In aka karkata shi ko aka yi sauri, yakan bar wasu layuka masu walƙiya da ba a gani sai cikin rana. Maganinsu a sake bi da soso mai laushi, faifan a kwance, a hankali. In aka daɗe a kan kusurwa ko bakin ƙofa, inda fenti ya fi siranta, zafi zai ƙone wurin nan take. Bambar roba ta fi saurin ƙonewa don ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Saboda haka ake manna tef a gefuna. Idan kuma launin motar ya fito a jikin faifai, gwani kan tsaya cak. Ko dai tsohon fenti ne marar kiliya, wanda haka ɗabi'arsa take, ko kuma an huda kiliyar.

Akwai wata dabara da ba na so, kuma masu gaskiya a sana'ar ba sa yin ta. Wasu mayukan na ɗauke da maiƙon da ke cike ƙarzuna ya ɓoye su. Mota ta fito tana sheƙi a gaban mai saye, bayan wanki biyu ko uku saƙar gizo-gizon ta dawo. Wanda ya san aikinsa yakan goge wurin da ɗan sifirit da aka sirka da ruwa, ya sake haskawa, don ya ga ainihin abin da ya rage.

Sai an tabbatar da haka ake shafa kakin kariya, a tura motar cikin rana a zagaya ta sau ɗaya. Kafin ya miƙa makulli, mai gogen yakan roƙi mai motar abu ɗaya: a daina share ƙura a bushe, a fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, sannan a sa hannu da tsumma mai laushi da ba a taɓa yar da shi ƙasa ba.