Shadda a Rubutun Boko: Duba ga Ƙamusun Larabcin Chadi

A shekarar 1999 kamfanin Karthala na Faris ya buga ƙamusun Larabcin Chadi da Faransanci, wanda Patrice Jullien de Pommerol ya tsara. Harshen da ke ciki shi ne wanda ake ciniki da shi a kasuwannin Njamena, an kuwa rubuta shi da baƙaƙen boko. Aikin ya cancanci yabo, amma wuri ɗaya ya kamata a tsaya a duba, wato yadda ya bi da baƙi mai shadda.

Bahaushe ya san nauyin wannan magana, gama baƙi ɗaya ne ya raba daba da dabba, ko mana da manna. Haka abin yake a Larabcin Chadi: daxal shi ne ya shiga, daxxal kuwa ya shigar da wani abu. A ajami alamar shadda ta isa. A boko sai an ninka baƙin, matsalar kuwa tana tasowa ne idan an saba rubuta sauti ɗaya da baƙaƙe biyu. Wanda ya bi hanyar Faransanci, ya rubuta ch da kh, dole ya jera chch da khkh, kalma ta yi tsawo, ido ya gaji.

Pommerol ya kauce wa wannan. Ya ba kowanne daga cikin waɗannan sautuka biyu baƙi guda: c a madadin sh, x a madadin kh. Dogon wasali kuma ya ɗora masa 'yar hula, kamar a kalâm. Ta haka ninki bai wuce aiki ɗaya ba, duk inda aka ga baƙi biyu iri ɗaya, shadda ce. A nan ƙamusun ya fi bokon Hausa, wanda ba ya nuna tsawon wasali, har garin da ake zama da garin tuwo suka zama rubutu ɗaya.

Amma fa sauƙin yana da tsada. Yaron da ya koyi karatu da Faransanci zai karanta c kamar k ko s, Bahaushen Njamena kuwa zai karanta shi kamar a ci da cuku. Ƙa'idar ta yi wa masanin harshe daidai, ta bar ɗan koyo da aikin warware abin da ya riga ya sani. Hausa ta bi hanyar tsakiya: baƙi mai goyo, na farkonsa kaɗai ake ninkawa, kamar a kyakkyawa, tsattsafi da shasshawa. Kalmar ba ta yi tsawo ba, baƙaƙen kuma ba su canja aikinsu ba.

Duk mai ƙirƙirar sabon harshe, irin Guosa na Alex Igbineweka wanda ya ɗebi kalmomin Hausa, zai ci karo da wannan tambaya. Kafin ya zaɓi baƙi, ya kamata ya ninka shi a takarda, ya miƙa wa wanda bai taɓa jin kalmar ba ya karanta da ƙarfi.