Talakan Batagarawa a Idon Polly Hill

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ci karo da littafin Rural Hausa, wanda Polly Hill ta fitar a 1972. Baturiyar Ingila ce, ta karanta tattalin arziki a Kambirij, ta fara yin suna da bincikenta kan manoman koko na kudancin Gana, kafin ta zo Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967.

Kafin in karanta shi, an koya mana “ƙaramin manomi” kamar mutum ɗaya ne mai fartanya ɗaya. Hill ta rushe wannan. Ta nuna cewa a gari guda akwai mai rumbun da ke kai wa wata kaka, akwai wanda nasa ke ƙarewa tun bazara. Na biyun shi ne ke sayar da hatsi da kaka lokacin da ya yi araha, ya dawo ya saya da tsada da damina. Don ya ci, sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar maƙwabci. Ciyawa ta cinye tasa, baɗi ya fi bana talauci. Na san wannan mutumin. A gidanmu kawu muke ce masa. Ta kuma leƙa inda masu ƙididdiga ba sa leƙawa: cinikin hatsi da matan kulle ke yi daga cikin gida, yara na kai da kawowa.

Inda na rabu da ita shi ne ganinta cewa arzikin ƙauye ba ya daɗewa a gida ɗaya, domin mutuwa da rabon gado suna wargaza gandu. Wataƙila haka ne a lokacinta. Amma ƙauye ɗaya ta zauna, na ɗan lokaci, kuma yau ɗan mai rumbu gadonsa ya wuce gona: akwai karatun boko, akwai sanin wanda ke rabon takin gwamnati. Waɗannan ba a raba su ranar gado.

Abin da ya fi ci mini rai dabam ne. Kusan rabin littafin bayanin kalmomi ne da al'amuran ƙasar Hausa, irin su gandu da gayauna, an jera su bi da bi, da Turanci. Kawu, wanda rayuwarsa ce a ciki, ba zai iya karanta ko shafi ɗaya ba.