Shaidar Bangaskiya a bakin mawaƙa

A Tamaske da sauran garuruwan Adar, Kirista ƴan ƙalilan ne a tsakiyar Musulmi. Mai neman majami'a a wannan yanki, Tahoua zai nufa, ko Birnin Konni, ko Galmi, garin albasa, inda mishan ɗin SIM ya buɗe asibiti a 1950. Jama'a ƙanƙanuwa irin wannan kullum cikin amsa tambaya take. Maƙwabci a kasuwa zai ce, "To, ku me kuka yarda da shi?" Amsar tana nan a taƙaice tun ɗaruruwan shekaru, ita ce Shaidar Bangaskiya. Abin dubawa shi ne yadda za ta zauna a kan manomi ko tsohuwar da ba ta karatu, kuma a nan ne waƙa ta shigo.

Shaida biyu aka fi sani. Akwai ta Manzanni, wadda ta samo asali daga tambayoyin da ake yi wa mai shiga baftisma a Roma. Akwai ta Nikiya, wadda bishof-bishof suka tsara a 325 a garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, aka faɗaɗa ta a Kustantiniya a 381. Abin dariya, wanda aka yi taron Nikiya don a ƙaryata shi, wato Ariyus na Iskandariya, ya riga su gane sirrin: an ruwaito cewa ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙin matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya. Ikilisiya ta ɗauki darasin. A Sifen an umarci a riƙa faɗin shaidar cikin sujada tun 589, Roma ba ta bi ba sai 1014. Martin Luther ya mayar da ita waƙar Jamusanci a 1524, don talaka ya rera da harshensa.

Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa wannan dabara. Da waƙa malaman jihadi suka koyar da tauhidi, da waƙa ƴan-taru suka kai karatun Nana Asma'u ƙauyuka. Amma mishan da suka sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maradi, da muryoyin Ingila da Amurka suka zo, suka ɗora musu kalmomin Hausa. Nan ne gizo ke saƙa. Hausa tana da karin sauti, tana da doguwar gaɓa da gajera, kuma ma'ana a kansu take rataye. Muryar da aka tsara wa Turanci za ta ja inda Hausa ke gajartawa, ta hau inda Hausa ke sauka. Mai rerawa ya san abin da yake nufi, amma baƙon da ke jin sa ta taga sai ya ji Hausar da ba ta gari ba. Ga shi kuma shaidar zube ce, ba ta da amsa-amo, layukanta ba su yi tsawo ɗaya ba. Cusa ta cikin baiti huɗu-huɗu sai an yanke wani abu.

Wannan yankan shi ne abin tsoro a ganina. Mawaƙi yana son abin da ke tashin jama'a: Allah Mahalicci, tashi daga matattu, rai madawwami. Sai ya tsallake sunan Bilatus Babunti, don yana da nauyi a baki. Alhali wannan sunan ne ke ɗaure labarin da wani gwamna da wani zamani na tarihi. Waƙar da ta zubar da shi tana iya yin daɗi, amma ta koma waƙar yabo, ta daina zama shaida.

Katolika, waɗanda Tahoua ke ƙarƙashin dayosis ɗinsu na Maradi tun 2001, suna faɗin shaidar kowace Lahadi, kuma ba a ba mawaƙi damar sauya kalmominta. Majami'un da suka fito daga SIM sun fi sakin hannu, koyarwarsu ta fi tafiya cikin wa'azi da waƙoƙin zumuntar mata, da ganga da caki da tafi. Waɗancan na da cikakkun kalmomi, waɗannan na da muryar gida.

Salon da zai haɗa su shi ne bayarwa da amshi. Jagora ya rera kowane sashe yadda yake, komai tsawonsa, muryarsa na bin karin maganar Hausa kamar yadda maroƙi ke jan kirari, jama'a su karɓa da gajeren amshi na amincewa. Ba a yanke ko kalma ɗaya ba, wanda bai iya karatu ba ya shiga tun ranar farko, bayan ƴan makonni kuma ya haddace har rabon jagoran. Wannan ma shi ya fi kusa da asali, domin a Roma ta dā tambaya uku ake yi wa mai baftisma, ɗaya kan Uba, ɗaya kan Ɗa, ɗaya kan Ruhu Mai Tsarki, yana cikin ruwa yana amsa kowace.