Karatun Fulogi: Kariya ga Masu Saita Kafireto

Tun da Indiya ta fara aiki da dokar hayaƙi ta BS6 a watan Afrilun 2020, yawancin sabbin baburanta suka koma fesa mai da kwamfuta, masu sukar kafireto suka samu bakin magana. Cewa suke yi zamaninsa ya wuce, kuma wai canza jet bayan an sauya salansa shaci-faɗin bakanike ne kawai. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya a Turai da Indiya. Ta biyun kuwa sai daga bakin wanda bai taɓa kwance fulogi da zafinsa ba.

Asalin abin tsoho ne. A 1797 Venturi, masanin nan na Italiya, ya bayyana cewa idan ruwa ya ratsa ƙuntataccen wuri gudunsa na ƙaruwa, matsinsa na raguwa. Haka iska ma take yi, kuma da wannan zuƙar kafireto ke jan fetur ta ƙaramin ramin jet. Kamfanonin Keihin da Mikuni na Japan suka ƙware a kan kafireto, Honda CG125 mai aiki da shi ta fito a 1975, ga jikokinta nan cike da titunan Kano da Maraɗi.

Injin fetur yana son nauyin iska ya ninka na mai sau 14.7, ko ƙasa da haka kaɗan in ana neman ƙarfi. Kamfani ya auna jet ne a kan akwatin iska da salansar da ya ɗaura. Da zarar matashi ya cire soson iska ya sa salansa mai ƙara, ma'aunin ya rushe. Mutane sukan ɗora laifin a kan salansa, alhali ɓarnar ta fi yawa ta gaba: idan hanyar iska ta buɗe sosai, zuƙar da ke jan fetur tana raunana, sai iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Injin ya ɗau zafi, ya riƙa tari idan an saki totur, wata rana bawul ya ƙone.

Gyaran hawa uku ne. Ƙaramin jet ke riƙe silo zuwa kwatan totur, allura ta karɓa har kashi uku cikin huɗu, babban jet ya ƙarasa. Wannan kowane yaron gareji ya haddace shi.

Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne karatun fulogi. Zai ɗaura sabo bayan injin ya ɗumama, ya nemi miƙaƙƙen titi, ya sa babbar giya ya murɗe totur har ƙarshe. Yana cikin wannan gudun zai kama kuloci ya kashe injin a lokaci guda, ya gangara gefe. Ba ya barin mashin ya yi silo ko na daƙiƙa biyu, domin silo zai shafe shaidar babban jet ya rubuta ta ƙarami a kai. Sai ya kwance fulogin da tsumma a hannu, ya juya shi wajen haske. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai kunkunniya, ya yi yawa. Abin nema shi ne launin shayi da madara.

Masu suka sukan ce fetur marar dalma ba ya rina fulogi kamar na da, don haka karatun ya mutu. Rabin gaskiya ce. Launin bakin fulogi ya zama mai ruɗi, amma can gindin farin tangaran, inda sai an haska tocila ake gani, akwai zoben hayaƙi siriri da ke faɗin halin babban jet. Gwani can yake leƙawa. Kuma ba ya taɓa abu biyu lokaci ɗaya: in ya ƙara jet mataki guda, allura tana nan inda take sai an sake gwaji. Wanda ke aiki haka ba za a ce masa mai shaci-faɗi ba, tsarinsa irin na ɗakin bincike ne, sai dai a ƙarƙashin darbejiya.

Abin da ya fi ɗaukaka sana'ar shi ne tana tilasta wa mai ita sanin ƙasarsa. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, Kano ba ta kai 500 ba, don haka jet ɗin da ya yi daidai a Kano yakan ba da mai fiye da kima a Filato. Sanyin hunturu yana ƙara wa iska nauyi, ƙurarsa kuma tana toshe soso ta juya lissafin. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu babur da yawa ke roƙon a matse musu mai, kuma bakaniken kirki kan kwance fulogin ya miƙa wa mai shi, ya nuna masa farin da ya fara bayyana kafin ya taɓa sukurun saita mai ko da kwatan juyi.