Wa Ya Mallaki Fassarar Musiba? Nazari a kan Wasan Koriya Hellbound

Gabatarwa

A ranar 19 ga Nuwamba, 2021, kamfanin Netflix ya saki wasan kwaikwayo mai dogon zango na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Hellbound, wanda sunansa na asali, Jiok, ke nufin gidan azaba na lahira. Yeon Sang-ho ne ya ba da umarni, wanda ya yi suna da fim ɗin Train to Busan a 2016, kuma ya ɗauko labarin daga wani labarin zane na intanet da suka shirya tare da Choi Gyu-seok. Zango na farko kashi shida ne, na biyu kuwa ya fito a Oktoba 2024. Wannan nazari ya taƙaita ga zango na farko.

Masu kallo da yawa sun karɓi wasan a matsayin labarin dodanni da ban tsoro. Amma abin da ya cancanci hankalin ɗalibin ilimin addini shi ne tambayar da aka gina labarin a kanta: idan bala'i ya sauka a kan mutum a gaban jama'a, wa ke da ikon faɗin dalilinsa? Wasan ya ƙware wajen nuna ɓarnar masu ƙwace wannan iko, sai dai ya gaza wajen amsar da ya bayar a madadinsu.

Tsarin labarin

A birnin Seoul, wata fuska mai girma takan bayyana ga mutum, ta ambaci sunansa, ta faɗa masa ranar mutuwarsa da sa'arta, ta ce wuta ce makomarsa. Idan lokacin ya cika, wasu ƙattan halittu uku sukan fito su yi masa dukan kawo wuƙa, su ƙone shi ƙurmus, su ɓace. Fuskar ba ta faɗin laifi, halittun ba sa magana. Wannan shirun shi ne ginshiƙin wasan, domin duk abin da ya biyo baya ƙoƙarin mutane ne na cike gurbinsa.

Wanda ya fara cike shi shi ne Jung Jin-su, shugaban ƙungiyar Sabuwar Gaskiya, matashi mai sanyin murya da sauƙin rayuwa. Koyarwarsa ita ce sanarwar ba ta zuwa sai ga mai zunubi, kuma Ubangiji ya bayyana azabar a fili ne don mutane su gyara halinsu. A gefensa akwai 'yan Tsinin Kibiya, gungun matasa masu tsattsauran ra'ayi da ke farautar duk wanda ya musa, suna yaɗa sunayen mutane a intanet.

Inda wasan ya yi ƙarfi

Labarin Park Jung-ja shi ne mafi kyawun abin da wasan ya ƙunsa. Mace ce mai 'ya'ya biyu, ba ta da miji, sanarwa ta zo mata. Ƙungiyar ta yi mata tayin won biliyan 3 don a watsa mutuwarta kai tsaye, ta amince domin ta bar wa 'ya'yanta abin rayuwa. Babu wanda ya san laifinta, amma da yake an riga an yarda cewa azaba hujja ce ta zunubi, sai jama'a suka shiga tonon rayuwarta suna neman laifin da zai dace da hukuncin. Shari'a ta juya ke nan: hukunci ya riga tuhuma, tuhuma ta riga bincike. Aka tanadi kujeru ga manyan baƙi masu rufe fuska, aka jera na'urorin ɗaukar hoto, mutuwar uwa ta zama abin kallo.

Daga baya Jung Jin-su ya bayyana cewa shi kansa ya sami sanarwar shekara 20 da suka shige, alhali bai san wani laifi da ya aikata ba. Ya ƙirƙiri koyarwarsa ne don yana ganin mutane ba za su iya jure azabar da ba ta da dalili ba, kuma tsoro ne kaɗai zai sa su yi adalci. Har kisa ya shirya, ya sa aka ƙone wani mai laifi don a zaci aikin halittun ne. Marubutan sun yi hikima da ba su mayar da shi ɗan damfara mai neman dukiya ba. Maƙaryaci ne mai ganin ƙaryarsa maslaha ce, kuma masana hadisi sun daɗe da sanin irinsa, wato masu ƙirƙirar hadisan targibi da tarhibi da sunan jawo mutane zuwa ga alheri, waɗanda malamai suka ƙidaya cikin mafi haɗarin masu ƙage saboda yardar da ake yi musu.

Wannan suka tana da tushe a ƙasar da aka shirya wasan. Ƙidayar 2015 ta nuna kimanin kashi 56 cikin ɗari na mutanen Koriya ta Kudu ba sa bin wani addini, amma ƙasar ta shahara da sababbin ƙungiyoyin addini masu kewaye da shugaba guda, tun daga cocin da Sun Myung Moon ya kafa a 1954 har zuwa Shincheonji, wadda sunanta ya cika kafafen labarai lokacin ɓarkewar korona a birnin Daegu a Fabrairu 2020.

Jariri da tsohuwar mas'ala

A rabi na biyu, bayan ƙungiyar ta zama hukuma a cikin hukuma, sanarwa ta zo wa jaririn da aka haifa kwanaki kaɗan. Nan koyarwar ta rushe, domin jariri ba shi da zunubi, shugabanni kuma suka koma neman ɓoye lamarin. Ɗalibin ilimin kalam zai gane mas'alar nan take. Wahalar yara ƙanana ta sa Mu'utazilawa suka yi magana a kan diyyar da Allah zai ba wanda ya wahala ba da laifinsa ba, kuma littattafan fannin sun ruwaito muhawarar 'yan'uwa uku tsakanin Abul Hasan al-Ash'ari da malaminsa al-Jubba'i, wadda ɗaya daga cikinsu ya rasu yana yaro. Abin da muhawarar ke nunawa shi ne duk wanda ya ɗaure aikin Ubangiji da ma'aunin hankalinsa, wata rana zai haɗu da abin da ma'aunin ba zai ɗauka ba.

Inda wasan ya gaza

Rauni na farko shi ne wasan bai san hanya ta uku ba. Mai kallo yana tsakanin addinin tsoro da aka gina a kan ƙarya, da matsayin direban tasi na ƙarshen zangon, wanda ya nuna babu ruwansa da batun Ubangiji, duniya ta mutane ce su ji da ita. A cikin manyan taurarin babu mumini guda mai imani da gaibu wanda kuma ya ƙi yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Alhali wannan matsayi sananne ne. Imam al-Ɗahawi, wanda ya rasu a 321 bayan Hijira, ya tabbatar a aƙidarsa cewa ba a yanke wa wani ayyanannen Musulmi Aljanna ko wuta da ra'ayi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwarsa, Manzo ya kore wannan fassara duk da cewa ɗaukaka ce gare shi. Ƙissar Annabi Ayyuba (AS) kuma ta isa hujja cewa musiba ba ta nuna matsayin bawa. Rashin irin wannan murya ya sa nasarar direban tasin ta zo da araha, tamkar kokawa da wanda aka riga aka ɗaure.

Rauni na biyu ya shafi hoto. Wasan yana zargin masu sayen kujera don kallon mutuwar Park Jung-ja, amma shi ma yana tsawaita duka da ƙuna fiye da buƙatar labari. Ya sayar wa mai kallo abin da ya tsine wa masu sayensa.

Kammalawa

Hellbound ba madogara ba ne a kan lahira, kuma surar azabarsa ba ta da alaƙa da abin da wahayi ya zo da shi. Amfaninsa ga malami da ɗalibi yana cikin abin da ya fallasa na halin mutane: saurin danganta annoba, ambaliya ko mummunar mutuwa da zunubin wani ayyananne, da yadda wannan dangantawa ke zama mulki a hannun mai yin ta. Wa'azi da musiba a dunƙule yana da asali a shari'a. Nuna yatsa ga mamaci a ce ga dalilin abin da ya same shi kuwa da'awar sanin gaibu ce, kuma iyalansa ne ke biyan kuɗinta. Allah ne Mafi sani.