Buck Showalter, kocin da ya yi kyautar maki don ya ci wasa

Jama'a, duk wanda bai ga abin da Buck Showalter ya yi a birnin San Francisco ranar 28 ga Mayun 1998 ba, wallahi an bar shi a baya. A wurina ba a taɓa yin kocin besbol mai ƙarfin zuciya da sanin lissafi kamar wannan bawan Allah ba, kuma wasan wannan rana kaɗai ya ishe ni hujja.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai sanda yana ƙoƙarin dukanta ya ruga ya zagaye zango uku ya dawo gida, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan jifa huɗu suka kauce wa inda doka ta yarda, mai sanda zai taka zuwa zangon farko a kyauta. Wani lokaci koci kan sa a yi hakan da gangan, don a kauce wa gwanin da ake shakka. Amma akwai sharaɗin da kowa ya sani a Amurka: ba a yin wannan kyauta idan zangon nan uku duk da mutane a kai, domin kowa zai matsa gaba, na ƙarshe ya shige gida da maki.

Wannan sharaɗi Showalter ya taka, a gaban dubban 'yan kallo.

Ƙungiyarsa ta Arizona Diamondbacks sabuwa ce fil, a shekarar aka fara damawa da ita, kuma tana shan kashi sosai. An zo turmi na tara, wato na ƙarshe, tana gaban San Francisco Giants da ci 8 da 6. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi. Zango uku cike. Sai ga Barry Bonds riƙe da sanda, mutumin da tun kafin lokacin an zaɓe shi gwarzon gasarsu har sau uku. Mai jifa Gregg Olson ya riga ya jigata. Showalter ya ba da umarni a bar Bonds ya wuce. Mai cafe ƙwallo ya miƙe tsaye ya miƙa hannu can gefe, Olson ya lallaɓa masa ƙwallo sau huɗu nesa da sanda, Bonds na tsaye yana kallo babu abin duka. Ya ajiye sanda ya taka zuwa zangon farko, ci ya koma 8 da 7. Rabon da a ga irin wannan a babbar gasar Amurka tun 1944!

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin. Ra'ayin Showalter, kamar yadda aikinsa ya nuna, shi ne mai jifa ba sai ya kara da kowa ba. Aikinsa ya fitar da mutum ɗayan da ya rage, kuma koci ne zai zaɓa masa wanda ya fi sauƙi. Idan Bonds ya sami ƙwallon nan ya aika ta can ƙarshen fili, mutum uku na iya shigowa gida, wasa ya ƙare da kuka. Wanda ke bayansa kuwa Brent Mayne ne, ɗan wasa mai ƙoƙari, amma ko kusa bai kama ƙafar Bonds ba. Maki biyu ne a hannu, sai koci ya sayar da ɗaya ya sayi abokin karawa mai dama-dama. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kada wani ya ɗauka abin babu haɗari. Kyautar ta kai mai neman kunnen doki zango na uku, mai neman nasara kuma zango na biyu. Duka ɗaya mai kyau daga Mayne, shi ke nan, washegari jaridu su yi wa Showalter kaca-kaca. Ya san da haka sarai, ya ɗauki nauyin a kansa, bai bar wa Olson ba. Kuma Mayne bai zo da wasa ba: ya ja Olson har jifa uku suka kauce, saura ɗaya a sake yin kyauta a yi canjaras. Daga nan ya narka wa ƙwallo sanda, ta tafi kamar kibiya ɓangaren dama, mai tsaron wurin ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. An tashi 8 da 7. Kai, ko yanzu na tuna sai tsigar jikina ta tashi!

Masu cewa sa'a ce kawai su dubi abin da ya biyo baya. A 2001 Bonds ya buga ƙwallo ta fita wajen fili sau 73, a 2004 kuma sau 120 aka ba shi hanya da gangan a kakar wasa ɗaya. Abin da Showalter ya hango, sauran kociyoyi sai daga baya suka gane. Koci Joe Maddon ma ya bi sahunsa a 2008 a kan Josh Hamilton, zango uku cike, kuma shi ma ya ci wasansa.

Shi kuwa Buck, a 1999 ya kai Diamondbacks ga nasara 100, a shekararta ta biyu kacal. Sau huɗu yana zama gwarzon koci, da ƙungiyoyi huɗu daban-daban: Yankees a 1994, Rangers a 2004, Orioles a 2014, Mets a 2022.

Tun 2017 an sauya doka, koci ya yi nuni kawai mai sanda ya wuce ba tare da jifa huɗun nan ba, don haka ba za a sake ganin wannan kallo yadda aka yi shi a 1998 ba. Bidiyon yana nan a YouTube. Don Allah ku nemo shi ku kalla, ku kuma nuna wa abokanku masu cewa besbol ba ta da daɗin kallo.