Sharhi A Kan Masu Tara Tsofaffin Kyamarori

A Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai mutanen da suka ɗauki tara tsofaffin kyamarorin bidiyo marasa kala a matsayin abin sha'awa. Cikin waɗanda suka fi nema akwai Portapak ta kamfanin Sony, wadda ta fito a 1967. Kyamara ce ta riƙewa a hannu, haɗe da akwatin naɗa mai nauyi da ake ratayawa a kafaɗa, zarensa kuwa faɗin rabin inci ne.

Ni ban ƙi wannan sha'awa ba. Abin da nake suka shi ne yadda ake goge kyamarar a ɗora a kanta tamkar jeren amarya, alhali kuwa darajarta tana ga aikin da aka yi da ita.

Mai karatu ya dubi shirin nan, Four More Years, wanda matasan ƙungiyar TVTV suka ɗauka a 1972 a taron jam'iyyar Republican a Miami Beach, inda aka sake tsai da Nixon takara. Manyan gidajen talabijin sun girke kayansu suna fuskantar dandamali. Su kuwa waɗannan matasa sai suka kutsa cikin jama'a, suka naɗi tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam masu zanga-zanga, har suka juya kyamara kan 'yan jarida su kansu, ciki har da Walter Cronkite. Hoton yana rawa, fitila ta kan bar wutsiyar haske in an motsa kyamara, domin haka bututun vidicon da ke cikinta yake. Wani wurin hayaniya ta danne magana. Duk da haka, a nawa ganin, wanda ya kalli shirin zai ji kamar da shi aka yi turereniyar, abin da hoton dandamali ba ya bayarwa.

To, ina sauran zarurrukan wancan zamani? Danƙon da ke riƙe maganaɗisun zare ya kan sha laima ya lalace, zaren ya manne. Sai an ɗumama shi a hankali kafin ya yarda a kwafe shi. Ga kuma matsalar akwatin kunnawa: zaren da aka naɗa da samfurin farko ba ya kunnuwa a akwatunan da suka bi ƙa'idar EIAJ ta 1969. Wannan aiki na ƙwararrun ma'adana ne, ga cin kuɗi, ga cin lokaci, zaren kuma yana ta ruɓewa.